FASHIN BAƘI: Tsohuwar Bentley a hanyar Gaya da Ajingi, arahar da ke tafe da bashi

Duk lokacin sallah ko wani babban biki, 'yan asalin Gaya da Ajingi da ke neman abinci a Kano da Abuja da Legas sukan dawo gida, kuma motar da mutum ya shigo gari da ita takan riga bakinsa ba da labarin yadda shekara ta kasance masa. Galibi Corolla ce ko Honda, sai Hilux ta 'yan kwangila, sai Prado ko Lexus ta masu riƙe da muƙami.

Amma matashin da ya fara tara abin hannu a yau yana cin karo da wani zaɓi a wayarsa. Dillalan Legas da Abuja suna tallar motoci masu ƙofa biyu, masu dogon gaba, waɗanda cikinsu ya kusa taɓa ƙasa, irin su Bentley Continental GT da Maserati GranTurismo, a kan kuɗin da bai kai na sabuwar Prado ba.

A ido garaɓasa ce. Sai dai masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Kuɗin da ake biyan dillali ranar ciniki shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin abin da irin wannan mota za ta ci, kuma akwai tambayoyin da take tafe da su waɗanda suka shafi kwastam, da hanya, da tushen dukiyar mai ita.

Wace irin mota ce wannan?

Haruffan GT da ake liƙa wa waɗannan motoci sun samo asali ne daga kalmar Italiyanci “gran turismo”, wato babbar tafiya. Sunan yana tuna wata al'ada ta ƙarni na 17 da na 18, lokacin da 'ya'yan manyan Ingila kan yi doguwar tafiyar buɗe ido zuwa Faransa da Italiya. Motar Lancia Aurelia B20 GT ta 1951 na daga cikin waɗanda suka fara ɗaukar sunan.

Manufar ƙirar ita ce mutum biyu su keta ƙasashe a kan shimfiɗaɗɗen titi cikin gudu mai tsanani ba tare da gajiya ba. Shi ya sa take haɗa injin motar tsere da kujerun fata da katakon ado na motar alfarma.

Bentley Continental GT ita ce misalin da aka fi sani. Ta fito a 2003 daga masana'antar kamfanin da ke garin Crewe a Ingila, shekara biyar bayan kamfanin Volkswagen na Jamus ya sayi Bentley. Injinta mai silinda 12 ne, girmansa lita 6, da na'urorin turbo biyu masu cusa masa iska, yana ba da ƙarfin doki 552. Nauyinta ya haura tan biyu da kwata, amma takan kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, kuma ƙarshen gudunta ya kai kilomita 318 a awa.

'Yan uwanta a wannan aji sun haɗa da Aston Martin DB9, wadda aka ƙera daga 2004 zuwa 2016, da Maserati GranTurismo ta 2007 zuwa 2019, wadda kamfanin Ferrari ne ya haɗa mata inji.

Me ya sa farashinta ke faɗuwa haka?

Lokacin da Continental GT ta fito, kuɗinta a Ingila ya kai kimanin fam 110,000. Samfurin farko a yanzu ana samun sa a can a kan ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuɗi. Mota kaɗan ce ke zubar da daraja haka.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Mai sayen sabuwa yakan more ta shekara uku da kamfani ya ɗauki lamunin gyara, daga nan ya sauya wata. Wanda ya karɓa daga hannunsa ya san cewa daga ranar duk abin da ya lalace aljihunsa ne zai ji. Kasuwa takan rage farashin motar daidai da girman wannan fargaba. Kayan gyara kuwa ba sa tsufa tare da ita. Birki da fitila da giyar Bentley mai shekara 18 suna nan da kuɗin kayan motar fam 110,000.

Akwai kuma lalacewar da shekaru ke kawowa ko da motar ba ta yi tafiya mai yawa ba. Maimakon sifirin na ƙarfe, jikin Continental GT yana zaune ne a kan jakunkunan iska na roba, waɗanda kan tsage idan sun daɗe, a wayi gari a tarar motar ta durƙusa. Siraran bututun roba da ke bayan injin sukan bushe su fashe, kuma saboda yadda aka cusa injin cikin ƙunci, sau da yawa sai an sauke shi gaba ɗaya kafin hannu ya kai gare su. Abin da ya lalace bai taka kara ya karya ba, aikin kai wa gare shi ne ke cin kwanaki da kuɗi. Batir biyu gare ta, kuma kwamfutocin da ke sarrafa ta da yawa ne, ɗaya ta rikice sai ta ja sauran.

Kamfanin Bentley da kansa ya daina ƙera wannan inji mai silinda 12 a 2024.

Ta ina take shigowa, kuma me doka ta ce?

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoba 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce nahiyar da ta fi karɓa. Najeriya na sahun gaba a wannan kasuwa, wadda a Arewa ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam.

Dokoki huɗu ne ya kamata mai saye ya sani.

Na farko, tun daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da mota ta kan iyakokin tudu. Tsohuwar hanyar da aka saba, daga Kwatano a biyo ta Nijar a ɓullo Maraɗi da Jibiya, ta koma fasa-ƙwauri. Halastacciyar ƙofa ita ce tashar jiragen ruwa, musamman Apapa da Tin Can a Legas.

Na biyu, jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su ya ƙunshi motar hannu da ta wuce shekara 12 da ƙerawa. Samfurin farko na Continental GT, na 2003 zuwa 2011, wanda shi ne mafi araha, duk ya haura wannan iyaka. Idan dillali ya ce irin wannan mota “yanzu ta sauka”, takardunta na buƙatar bincike na musamman.

Na uku, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu 1972, kuma dokokin hanya sun hana amfani da mota mai sitiyari a dama. Bentley da Aston Martin mafiya araha a duniya suna Ingila ne, kuma sitiyarinsu a dama yake. Juya sitiyarin ƙaramar mota ma yana da haɗari, balle wadda wayoyi da na'urorin kariya suka cika gabanta.

Na huɗu shi ne haraji. A tsarin da aka shimfiɗa a 2022, an ɗora wa motar hannu harajin kashi 20 cikin 100, da wani kashi 15 na bunƙasa masana'antar motoci, da harajin VAT na kashi 7.5, da wasu ƙananan kuɗaɗe. Idan aka tara, abin ya doshi rabin ƙimar motar a wancan tsari. A shekarar ce kuma kwastam ta fara ƙiyasta daraja ta hanyar lambar shasi, don toshe ƙofar da ake bi a rubuta babbar mota da sunan ƙarama. Ana lissafin da dala ne, kuma canjin da kwastam ke amfani da shi ya tashi daga kimanin naira 422 a tsakiyar 2023 zuwa sama da naira 1,500 a watan Fabrairu 2024.

Wannan lissafi shi ne ma'aunin da za a gwada maganar dillali da shi. Idan kuɗin da ya sallama bai kai farashin motar a ƙasar waje haɗe da kuɗin jirgi da haraji ba, to akwai abin da ba a biya ba, ko abin da ba a faɗa ba. Jami'an kwastam na sintiri da ke shiyya ta biyu, mai hedikwata a Kaduna, suna da ikon tsare mota a hanya su nemi takardu, kuma wanda aka kama ta a hannunsa shi ke asara. A 2019 hukumar ta rufe wuraren sayar da motoci a jihohi da dama kan wannan batu, a watan Maris 2024 kuma ta ba masu motocin da ba a biya musu cikakken haraji ba wa'adin kwana 90 su je su gyara.

Tarihin da fenti ke ɓoyewa

Da yawa daga motocin alfarma da ke shigowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yanke cewa gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Wasu haɗari suka yi, wasu ambaliya ce ta shanye su. Guguwar Harvey kaɗai, wadda ta afka wa jihar Texas a 2017, ta lalata dubban ɗaruruwan motoci.

Motar da ta yi haɗari ana iya miƙe mata jiki a fesa fenti ta fito tana ƙyalli, alhali an rufe gurbin jakar iskar kariya babu komai a ciki. Wadda ta sha ruwa ta fi muni, domin tsatsa takan ci wayoyi da kwamfutoci a hankali, matsalar ba za ta bayyana ba sai bayan watanni.

Sai kuma sata. Ƙasar Kanada ta yi fama da satar motoci masu tsada da ake loda su a kwantena zuwa Afirka ta Yamma, har ta haɗa rumbun bayananta da na 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, a 2024. A watan Satumba na shekarar, hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a Najeriya, tare da dala 180,300. Wanda ya sayi motar sata da zuciya ɗaya ba shi da hujjar riƙe ta. Sai dai ya bi dillali, idan ya same shi.

Makamin mai saye a nan shi ne lambar shasi, mai harufa da alƙaluma 17, wadda ake bugawa a ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofa. Da ita ake neman tarihin motar Amurka ko Kanada a kamfanoni irin su Carfax, a ga hannu nawa ta bi, da nisan da ta yi, da ko inshora ta taɓa yafe ta. Sau da yawa idan aka rubuta lambar a intanet, hotunan motar na ranar gwanjo sukan fito, da raunukanta a fili. Dillalin da ya ƙi bayar da lambar shasi kafin a ba shi kafin alƙalami ya riga ya amsa tambayar.

Fetur, hanya da bakanike

A ƙiyasin kamfani, samfurin farko na Continental GT yana shan kimanin lita 17 a kowace kilomita 100, a cikin cunkoson gari kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Tankinta na cin lita 90. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A wannan farashi, cika tankin sau ɗaya ya wuce naira 90,000. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne.

Ingancin man ma abin dubawa ne. An ƙera waɗannan injuna ne don fetur mai ma'aunin oktan 98, ko aƙalla 95, alhali wanda gidajen mai ke sayarwa a Najeriya bai kai haka ba. Kwamfutar injin takan rage ƙarfinsa don ta kare shi, amma a zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Kano, injin da ke aiki da turbo biyu yana shan wahala. Masu motoci ba su manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol da aka shigo da shi daga Beljiyam a watan Fabrairu 2022 ba, wanda ya kashe injuna a Legas da Abuja.

Hanya ita ce babban alƙali. Mutanen Gaya kan bi ta Wudil su shiga birni a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda aka bayar da kwangilar mayar da ita tagwaye tun 2006, aka kuma shafe fiye da shekara 15 ana fama da aikin. Da zarar an sauka daga kwalta aka nufi ƙauyukan Gaya da Ajingi, sai burji da yashi da kwazazzabai na damina. Motar GT gajeruwa ce da gangan, don ta manne wa titi a lokacin gudu. Tayoyinta faffaɗa ne marasa kauri, rami ɗaya na iya fasa taya ya lanƙwasa rim. Tuddan rage gudu da ake ginawa a tsakiyar garuruwa sukan goge mata ciki. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatun iska da wuri.

Gudun da aka sayi motar dominsa ma babu wurin yin sa. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ga ƙananan motoci ita ce kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi. Kashi biyu cikin uku na gudun Bentley haramtacce ne a ko'ina cikin Najeriya. A hanyar da babura da amalanken shanu da yara 'yan talla ke tsallakawa, tan biyu da kwata na ƙarfe ba ya tsayawa nan take, kuma wanda ya samu mummunar karaya a wannan yanki galibi sai an kai shi Kano, asibitin ƙashi na Dala ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano.

Gaya gari ne mai tsohon tarihi da ƙarfe. Labarin kafuwar Kano ya nuna cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, wato Abagayawa, daga Gaya suka taso suna neman tama. Har gobe ƙasar Kano ba ta rasa masu basirar gyara ba, kuma kasuwar Ƙofar Ruwa na da kayan Toyota da Honda da Golf na kowane zamani. Sai dai basira ba ta maye gurbin na'urar binciken kwamfuta ta musamman da irin waɗannan motoci ke buƙata. Kayan gyaransu daga Ingila ko Jamus ko Dubai ake yin odarsu da fam ko dala, a jira makonni. Sauƙin da ake samu shi ne samfurin farko na Continental GT ya yi tarayya da Volkswagen Phaeton a wasu sassa, don haka masani kan samo wasu kayan da sunan Volkswagen ko Audi a farashi mai rangwame. Idan motar ta mutu a Ajingi kuwa, sai a bayan babbar mota za ta koma Kano ko Abuja.

Inshora: wa zai biya idan an yi karo?

Daga 1 ga Janairu 2023, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, wadda ke biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan uku. Cikakkiyar inshora kuma ba ta gaza kashi biyar cikin 100 na darajar mota a shekara ba. Ga motar naira miliyan 100, wannan na nufin naira miliyan biyar duk shekara.

Abin da ke biyo baya ya shafi talaka kai tsaye. Idan direban haya mai ɗaukar fasinja daga Gaya zuwa Wudil ya goge wa Bentley fitila da gefen jiki, inshorarsa, in ma yana da ita, tana da iyakar da kayan gyaran za su iya zarcewa. Idan mai Bentley bai yi cikakkiyar inshora ba, rigimar takan ƙare a ofishin 'yan sanda, inda ƙarfin aljihu da sanayya ke da tasiri.

Tambayar da ta shafi jama'a: kuɗin daga ina?

Wanda ya nemi halalinsa yana da 'yancin sayen abin da ransa ke so. Amma doka ta san cewa motar alfarma na daga cikin hanyoyin ɓoye kuɗin haram. Dokar Hana Halasta Kuɗin Haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar, kamfani kuma miliyan goma, sai ta hanyar banki. Dillalan motoci na cikin 'yan kasuwar da aka wajabta wa rajista da sashen SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, su riƙa tantance masu saye. Cinikin da aka ƙulla da buhun kuɗi a bayan but ya saɓa doka, ko da kuɗin na halal ne.

Ga mai riƙe da muƙamin gwamnati, daga kansila da shugaban ƙaramar hukuma har zuwa sanata, Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta bayyana kadarori ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da duk bayan shekara huɗu, da lokacin sauka. Kadarar da aka samu bayan haka wadda albashi ko wata halastacciyar hanya ba za su iya bayyana ta ba, ana ɗaukar ta a matsayin saɓa ƙa'ida har sai mai ita ya kawo hujja.

An ga inda mota ta zama shaida. A watan Satumba 2019 hukumomin Suwizalan suka yi gwanjon motocin alfarma 25 da aka ƙwace daga Teodorin Obiang, mataimakin shugaban ƙasar Equatorial Guinea kuma ɗan shugaban ƙasar, aka samu kimanin dala miliyan 27, bisa sharaɗin a kashe kuɗin kan ayyukan jin daɗin al'ummar ƙasarsa.

A gida kuma, a watan Oktoba 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce kan manyan motocin Toyota da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, waɗanda rahotanni suka ƙiyasta kowace a kan kimanin naira miliyan 160. Sanata Sunday Karimi, shugaban kwamitin hidimomin Majalisar Dattawa, ya kare sayen da cewa hanyoyin Najeriya ba su da kyau. Wato masu amincewa da kasafin gyaran hanya sun zaɓi motar da za ta tsallake ramin. Motar GT ba ta da wannan dabara, duk ramin da ke hanya sai ta ji shi a jikinta.

Gaya da Ajingi da Albasu mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma su ne ƙananan hukumomin da suka haɗu suka zama masarautar Gaya mai daraja ta biyu a dokar 2024. A ƙidayar 2006, Gaya na da mutum kimanin 200,000, Ajingi kuma kimanin 174,000, mafi yawansu manoma. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama a Najeriya, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawansu, sama da miliyan goma. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya umarci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, sa ido kan abin da ke shiga asusun Gaya da Ajingi, da abin da ke fitowa a garejin masu kula da asusun, ya zama aikin da matasan yankin ke da hurumin yi.

Kafin a ce an saya

Wanda ya duba duk wannan kuma ya ga aljihunsa zai ɗauka, akwai matakan da za su rage masa asara.

Ya karɓi lambar shasi tun kafin tayi, ya gwada ta jikin mota da ta takarda, ya nemo tarihinta da kansa. Ya kai takardun haraji ofishin kwastam na shiyyar Kano da Jigawa, ko tashar da aka ce an fitar da motar, a tabbatar masa cewa lambar biyan ta wannan mota ce kuma an biya cikakke. Ya zo da bakanikensa mai na'urar kwamfuta, wanda ba shi da rabo a la'adar dillali, a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, a ɗaga dardumar ƙafa a nemi alamar laka da tsatsa. Ya bar ta ta kwana, ya dawo da sassafe ya ga ko ta durƙusa, ya kuma tayar da injin yana sanyi. Ya nemi littafin tarihin gyara, domin motar da ta yi tafiya mai yawa tana samun kulawa ta fi wadda aka ajiye shekaru babu juye.

Biya ya kasance ta banki, da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu. Fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan aka ɓoye masa aibi, amma wannan haƙƙi ya fi sauƙin karɓa idan an rubuta abin da mai sayarwa ya tabbatar.

Abu na ƙarshe shi ne lissafin da dillali ba ya yi wa kowa. Mai saye ya haɗa kuɗin fetur na shekara, da inshora, da tayoyi huɗu, da juyen baƙin mai sama da lita goma, da ajiyar babban gyara guda ɗaya a farashin dala na ranar. Idan jimillar ta girgiza shi, kuɗin sayen motar ne kawai yake da shi, bai kai ga na riƙe ta ba. Irin waɗannan motoci ne ake gani a bayan gareji a manyan birane, an lulluɓe su da tamfol, tayoyi sun sace, ana jiran wani ƙaramin ƙarfe daga Ingila.